Wasiƙa daga Shikago: Tsadar allurar borin jini

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara, da aikin asibiti. A gaishe min da Inna ƙwarai da gaske.

Kin tambaye ni a waya me ya sa kullum nake kukan kuɗin magani, alhali muna Amurka, ƙasar da ake cewa ba abin da ta rasa. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Ke ma'aikaciyar jinya ce, za ki fi kowa gane inda na dosa.

Kin san gyada ba ta karɓi 'yarki ba. Nata ba irin borin jinin da muka saba gani a gida ba ne, wanda jiki zai yi ruɗu-ruɗu, a sha Piriton a kwanta. Idan gyada ta shiga bakinta, cikin 'yan mintoci leɓɓanta su kumbura, muryarta ta dushe, ta riƙa jan numfashi da ƙyar tana kama wuya. Likitoci suna kiransa anafilaksis, kuma a wannan lokacin maganinsa ɗaya ne: allurar adirenalin a cinya, nan take, sannan a kira motar asibiti. Ƙwayar borin jini ba ta buɗe maƙogwaron da ya toshe.

Adirenalin ɗin nan shi ne dai wanda kuke ajiyewa a 'yan kwalabe a ɗakin gaggawa. Tsohon magani ne, ya haura shekara ɗari ana amfani da shi, kuma ba shi da tsada. Abin da ake sayar mana a nan shi ne mazubin. An riga an auna maganin an ɗura shi cikin wata roba mai kamar ƙaton biro. Wadda aka fi sani, EpiPen, sai ki zare shuɗin murfi, ki danna bakin mai ruwan lemo a gefen cinya, ko ta kan wando ne, ki riƙe daƙiƙa 3. Akwai ta yara masu nauyin kilo 15 zuwa 30, akwai ta waɗanda suka wuce haka. Malamar aji za ta iya yi, direban motar makaranta zai iya yi, yarinyar ma da kanta ta koya. Wallahi dabarar tana da kyau, ba zan rage mata komai ba. Uwar da hannunta ke rawa ba za ta iya fasa kwalba ta zuƙi daidai awo a sirinji ba.

To, ga yadda kuɗin ya tafi. A 2007 kamfanin Mylan ya sayi EpiPen, lokacin guda biyu suna wajen dala 100. Aka yi ta ƙari shekara bayan shekara, har a 2016 kwali mai guda biyu ya wuce dala 600. Ki lissafa da canjin yau ki gani. Iyaye suka yi ca, Majalisar Dokokin Amurka ta kira shugabar kamfanin, Heather Bresch, ta sha tambayoyi a watan Satumba na shekarar. Daga baya kamfanin ya fitar da irinta sak marar tambarin sunan a kan dala 300, sannan a 2017 ya amince ya biya gwamnati dala miliyan 465 kan zargin ya cuci shirin lafiyar talakawa na Medicaid. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba kamfanin Teva izinin yin tasa allurar. Farashi ya ɗan sauko, amma bai koma inda ya taso ba.

Abin da ya fi ci min rai, a nan magani ba shi da farashi ɗaya. Mutum biyu za su tsaya a layi ɗaya a kantin magani da takardar likita iri ɗaya, wannan ya biya dala 25, wancan a ce masa ɗari uku. Bambancin yana ga inshorar da kowa ke da ita. Tamu ta wajen aikin baban yara ce, kuma irin wadda sai ka fara kashe wasu dubban daloli daga aljihunka a shekara kafin su soma sa hannu. Duk watan Janairu lissafin ya koma farko. Ga shi allurar ba a saye sau ɗaya a huta. Wa'adinta shekara ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, kuma wani lokacin kafin ta zo hannunki ta riga ta cinye watanni a kanti. Makaranta tana son nata kwalin mai ɗauke da sunan yarinya, kuma ba ta karɓar wanda wa'adinsa ya wuce. Gida na buƙatar nasa, shi ne kuma muke ɗauka zuwa Islamiyya ranar Asabar. Ba a raba kwali a ce ɗaya nan ɗaya can, don wani lokacin allurar farko ba ta isa, sai an ƙara ta biyu. Haka za ki saya kina addu'ar kada Allah ya kawo ranar amfani da ita, wa'adi ya cika ki mayar a zubar, ki sake saye.

Jiharmu ta Illinois ta yi doka cewa daga Janairun 2025 mai inshora ba zai biya fiye da dala 60 a kan kwali mai guda biyu ba. Jihar Colorado ta riga mu da shekara ɗaya. Doka ce mai kyau, ta share wa mutane da dama hawaye. Sai dai ba ta hau kan kowa ba. Manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansu da kansu suna ƙarƙashin dokar tarayya ne, dokar jiha ba ta isa gare su ba, kuma mu a nan muka faɗa.

Don haka na koyi neman sauƙi. Ina roƙon likita ya rubuta sunan maganin kawai, kada ya ɗaure ni da sunan kamfani, don mai kanti ya ba ni wadda ta fi araha. Ina buga waya kantuna in tambayi farashi, ina duba katin rangwame a intanet, don wani lokacin biya da katin ya fi biya da inshorar sauƙi. Kafin in karɓa sai na sa an juya min kwalin na ga ranar ƙarewar wa'adi, in ta yi kusa in ce a duba min wani. Tun 2024 kuma akwai sabo mai suna neffy, wanda ake fesawa a hanci ba allura, ya fi daɗewa bai lalace ba kuma ya fi jure zafi. Zan yi wa likitan yarinyar maganarsa kafin mu taho gida hutu.

Ɗan Kawu da ke Ingila da na ba shi labari sai ya yi shiru. A can yaro ƙasa da shekara 16 ba ya biyan ko sisi a kan maganin da likita ya rubuta, babba kuma fam 9.90 ne kowane magani, ko mene ne shi. Magani ɗaya, na'ura ɗaya. Gwamnatinsu ce ke ciniki da kamfanoni a madadin kowa, a nan kuwa an bar kowa da ƙarfin aljihunsa.

Amma Yaya, kada ki ɗauka ina cewa gida ya fi. A nan in na buga lambar gaggawa ta 911, cikin mintoci ma'aikata suna bakin ƙofa, ko da takardar kuɗin da za ta biyo baya ta hana ni barci. A kantin abinci kowane kwali an rubuta in akwai gyada a ciki, doka ce ta tilasta. A gida kwalbar adirenalin tana da araha, amma tana asibiti, yaron kuma yana tsakar gida ko a aji. Ina yawan tunanin yara nawa ne a wajenmu numfashinsu ya sarƙe bayan cin abinci aka ce iska ce ko sammu, aka tsaya tofi da hayaƙi har lokaci ya ƙure.

Wannan ne ya kawo ni ga roƙona, tunda muna sa ran zuwa hutu in Allah ya yarda. Ki zaunar da Inna ki yi mata bayani da bakinki na ma'aikaciyar asibiti, don nawa ba za ta ɗauka ba, za ta ce sangarta ce ta 'ya'yan Turai. Ki gaya mata babu maganar "ɗan kaɗan ta ɗanɗana don jikinta ya saba". Ba kunun gyada da ƙuli-ƙuli kaɗai ba: yajin tsire, kilishi, miyar taushe, dakuwa, da duk abin da aka soya da man gyada na gida, har ludayin da aka juya su da shi. Allurai zan taho da su a jakar hannu tare da takardar likita. Ba a sa su a firji, ba a barin su a mota cikin rana, don haka ki nema min ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Sannan ki duba min asibitin da ya fi kusa da gidan Inna wanda ɗakin gaggawarsa ke aiki da dare, ki tabbatar suna da adirenalin da iskar oksijin, ki turo min lambar wanda zan kira.

Ƙanwarki.