Hawa Benen Petronas a Yawon Amarci: Ya Cancanci Kuɗinsa, In An Iya Zaɓen Lokaci

Ango da amaryar da suka sauka Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, da wuya su koma gida ba su hau tagwayen benayen Petronas ba. Hawa 88 ne kowanne, tsawonsu kusan mita 452, an kammala su a 1998. Hawan ya cancanci kuɗinsa, sai dai abin da ke gyara shi ko ya ɓata shi shi ne lokacin da aka zaɓa.

Tikitin na ƙayyadajjen lokaci ne, kuma na yamma shi ke fara ƙarewa. A saya ta intanet kwanaki kafin ranar, a iso da wuri saboda binciken tsaro da ajiye manyan jakunkuna. Galibi ana rufewa ranar Litinin. Rukuni-rukuni ake hawa: a tsaya a gadar da ta haɗa benayen biyu a hawa na 41, mita 170 daga ƙasa, sannan a wuce hawa na 86. Duka bai cika wuce mintuna 45 ba, kuma ma'aikata ba sa barin a daɗe. Wanda ya tsaya gyaran gyale da neman kusurwar hoto, kafin ya ankara an ce a tafi.

Rana na faɗuwa a can wajen ƙarfe 7 na yamma duk shekara, don haka tikitin 6 da rabi zuwa 7 ya fi: za a ga garin da haske, a kuma ga fitilu na kunnuwa. Na la'asar akwai kasada, domin lokacin ne ruwan sama ya fi saukowa, gajimare ya rufe komai. Da dare kuma gilashin na maido da hasken ɗaki cikin hoto. A manna wayar jikin gilashi, a kashe filasha.

Abin da ya fi burge ni kyauta ne. A lambun KLCC da ke bayan ginin, ruwa na rawa da fitilu masu launi da ƙarfe 8, 9 da 10 na dare, kuma daga nan ne ake samun hoton benayen gaba ɗayansu. Masallacin As-Syakirin na gefen lambun, Magariba ba za ta kuɓuce ba.

Abinci kuwa, a taka zuwa Nasi Kandar Pelita da ke titin Ampang. Shinkafa ce ake zuba wa miya iri-iri, da soyayyar kaza ko kifi. A ce "kuah campur" a haɗa miyar, a ce "kurang manis" in ba a son shayin ya cika zaƙi. Kowane yanki da aka nuna da yatsa kuɗinsa daban, musamman jatan lande, to a tambayi farashi tukuna. A sauran wurare a duba tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar. Rubutun "babu naman alade" kaɗai bai isa ba.

Kantin Suria da ke ƙasan benayen na kallo ne da shan sanyi, kayansa na manyan kamfanoni ne masu tsada. Tsarabar uwar miji da ƙanne, irin su gyale, leshi da yadi, a nufi titin Tuanku Abdul Rahman ko Jakel Mall. Da mita suke awo, ba yadi ba: yadi biyar ya kama mita huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, a sayi mita biyar a huta.