Kafin ka sayi wasan tseren kart: wanne ne zai bar ka ka shimfiɗa hanyarka da kanka?

Ƙanena ne ya ja ni cikin wannan harka. Muna zaune a fada wata yamma, shayi na kan garwashi, ya miƙo mini wayarsa: wani saurayi ya zana filin unguwarsu a kwamfuta, ya shimfiɗa masa kwalta, yana tsere a kai da ƙaramar motar nan da ake kira kart. Ya ce, "Yaya, mu ma mu yi na Maradi mana." Tun daga ranar abokai ke tambayata wane wasa ya kamata su saya. Amsata ba ta canja ba: kada kyan hoto ya ruɗe ka, ka fara tambaya ko wasan zai yarda ka saka hanyar da ka gina.

Sai an san kart kafin a san hanyarta. Ba ta da sifirin da zai shanye gargada, kuma tayoyin baya biyu sanda ɗaya ce ke juya su tare. Shi ya sa in ta shiga kwana, tayar baya ta ciki takan ɗan ɗaga sama kafin motar ta yarda ta karkata. Duk ɗan tudu ko rami a jikinka za ka ji shi. Manyan direbobi irin su Ayrton Senna da Lewis Hamilton da ita suka fara. Saboda haka hanyar da aka gina sumul kamar faranti ba ta koya wa kowa komai.

KartKraft shi ne wanda ya fi ɗaukar ido. Yawancin hanyoyinsa na gaske ne, an auna su da na'urar haske, har da ta PFI da ke Ingila. Amma abin da suka ba ka shi ke nan, babu ƙofar shigar da taka, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi. In tuƙi kawai kake so, to madalla. Mai son gini ya wuce gaba.

Kart Racing Pro, na mai ƙera wasanni da ake kira PiBoSo, hotonsa bai kai na farko ba, amma a wurina shi ya fi kama halin kart, har yadda ƙarfen jikinta ke lanƙwasa a kwana. Yana da kayan ginin hanya nasa, irin su TrackEd, kuma akwai na gwaji kyauta da za ka ɗanɗana kafin ka ciro ko dala. Matsalarsa ƙarancin jama'a. In ka maƙale, masu nuna maka hanya kaɗan ne.

Wanda na zaɓa shi ne Assetto Corsa, na kamfanin Kunos da ke Italiya, wanda ya fito a 2014. Asalinsa wasan tseren motoci ne masu cikakken girma, kart ɗinsa ma sai ka sauko da wadda wasu suka ƙera, kuma gaskiya tuƙinta bai kai na Kart Racing Pro daidaito ba. To me ya sa shi? Tsohon wasa ne, ba ya neman sabuwar kwamfuta, ga bidiyon koyarwa birjik a YouTube, da Faransanci da Ingilishi. A nan akwai tarko biyu. Na PlayStation ba ya karɓar hanyar da aka gina a waje, don haka mai gidan wasa da ke tunanin saka wa yara hanyar garinmu, dole na kwamfuta zai saya. Sannan kada mai sayarwa ya haɗa ka da Assetto Corsa Competizione. Suna ne ya yi kama, amma wani wasa ne daban da ba a gini a cikinsa.

Kayan zanen kuma biyu ne a gabanka. Race Track Builder na kuɗi ne, yana jawo hoton wuri da tuddansa daga taswirar Google, sai ka ja layi a kai. Yana da sauri, amma awon tudun nan na sama-sama ne, ba zai ga kwarin da ruwan damina ya yanka ba. Blender kyauta ne, koyonsa ne ke cin lokaci. Ni Blender na bi, na kuma tafi filin da ƙafata, can wajen gari ta hanyar Ɗan Isa. Muka auna da igiya da waya, faɗi mita 8, tsawo kusan kilomita ɗaya, muka rubuta inda ƙasa ta yi tauri da inda rairayi ya taru.

Daren da muka fara gwadawa, ana buɗe wasan motar ta nutse cikin kwalta, ta yi ta faɗuwa cikin duhu. Kwana uku ina neman dalili. Ashe suna ne. Assetto Corsa yana gane ƙasa mai tauri ne daga sunan da ka raɗa mata, kuma sai da lamba a gaba: 1ROAD na kwalta, 1SAND na rairayi, 1WALL na katanga. Ni na rubuta ba lamba, sai ya ɗauke ta hoto kawai. In sunan daidai ne amma har yanzu tana nutsewa, duba ko fuskar hanyar ta kife tana kallon ƙasa, ko kuma yanki ɗaya na zanen ya haura ɗigo 65,000 da 'yan kai (ɗigogin da ake haɗawa su ba da siffar zanen), sai ka datsa shi gida-gida.

In wasan ya ƙi buɗe hanyar sam, galibi ka manta alamomin tsayawa ne, AC_START_0 da AC_PIT_0. In mota ta fito tana kallon baya ko a kwance, juya alamar. In agogo ya ƙi ƙirga zagaye, AC_TIME_0_L da AC_TIME_0_R ne babu a layin tashi, ko ka musanya hagu da dama. Wani lokacin kuma sai ka ga kart ta koma kamar tururuwa a tsakiyar fili. Wannan ma'auni ne ya karkace lokacin fitar da zanen daga Blender a fayil irin na FBX zuwa ksEditor, manhajar da ke mayar da shi hanyar da wasan zai iya buɗewa.

Batun sitiyarin da ake jona wa kwamfuta ba sai an daɗe ba. Logitech G29 ya isa, ko da na hannu ne daga Katsina ko Kano, muddin ka gwada birki da totur a gaban mai shi. Yana juyawa har digiri 900, kart kuwa ba ta buƙatar ko rabin haka, sai ka rage shi zuwa wajen 200. Yawancin masu kukan cewa mota ta ƙi kwana, nan ne ciwonsu.

In jikkunan hannunka ba su isa komai ba, ka jinkirta sitiyarin, ka fara sayen batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke kuran. Aikin yini guda na taɓa rasawa haka, ina tsakiyar gyara kwana ta huɗu. Ka riƙa adana kwafi a wuri biyu, ka kuma hure ƙurar hunturu daga fankar kwamfuta, domin in zafin watan Afrilu ya haɗu da ƙura, hoto zai yi ta sarƙewa ka ɗauka laifin hanyarka ne.

Tamu yanzu tana da kwana tara. Ta shida, inda muka bar rairayi ya ɗan hau bakin kwalta kamar yadda yake a filin, har yau babu wanda ya wuce ta a fadarmu bai ɗaga ƙafa daga totur ba.