Na'urar DVD ta USB ɗin nan ta ceto min hotuna, amma kebul ɗinta ya ishe ni

Laftop ɗin yanzu kusan duk sun daina zuwa da wurin sa faifai, dole ta sa na sayi ƙaramar na'urar nan da ake jonawa ta USB, kun dai san irinta, siririya baƙa. Ban sa mata rai ba gaskiya, ni dai burina in kwashe tsofaffin hotunan gidanmu da ke kan CD da DVD tun kafin filash ya yawaita.

Akwai wani CD da na riga na cire rai da shi, ƙasansa duk karce kamar kaza ta yi tono a kai, tsohuwar kwamfutata ma ƙin shi take yi. Na goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kar ku goge a zagaye domin a zagaye layin bayanan yake tafiya, na sa shi, na'urar ta yi ta gurnani tana rage gudu tana ƙarawa har na kai hannu zan cire, kawai sai ga folda ta buɗe. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Hotunan babanmu Allah ya jiƙansa, duka suka fito, ko ɗaya bai lalace ba.

Nan na ƙara ganin girman waɗanda suka ƙirƙiro abin nan. Tun shekarun 1960 James Russell a Amurka yake aikin yadda haske zai karanta faifai ba tare da allura ta taɓa shi ba, sai Philips da Sony suka fito da CD a 1982, kuma suka sa masa lissafin da ke cike gurbin abin da ƙaramin karce ya ɓoye. Roba ce mai kaurin milimita 1.2, hasken leza ta cikinta yake ratsawa ya karanto bayanan da ke can sama dab da inda ake rubuta suna. Shi ya sa karcen ƙasa da sauƙi, na sama ne mugu. Ina da wani da samansa ya ɓare, in ka ɗaga shi a haske kana hango ƙananan huji, wannan kam ya tafi kuma ba laifin na'urar ba ne. Faya-fayan da aka ɗora wa bayanai a gida ma sun fi saurin mutuwa saboda a kan rini leza ke ƙona bayanan, zafi da rana suna cin rinin, na kamfani kuwa bugawa ake yi a jikin robar.

To da a nan ta tsaya da tauraro biyar zan ba ta. Amma kebul ɗin nan, haba! Gajere ne kuma a manne yake da jikinta ba a canzawa, in ka ɗan motsa laftop sai ta katse. Na zo ɗora bidiyo a sabon DVD mai 4.7GB, an kusa gamawa ta ɗauke, faifan ya tashi a banza don irin wanda ba a gogewa ne, na sake sa wani shi ma haka, sai da na koma wata kafar USB na rage gudun sannan ta yi. Ga ƙara kamar za ta tashi sama, tiren kuma sai ka tallafe shi da hannu kafin ka danna faifai. Faifan Blu-ray ma, wanda ya fi DVD ɗaukar bayanai, kar ku wahalar da kanku, jan leza gare ta, shi kuwa shuɗi yake so. Uku na ba ta, kuma ban ƙara yarda in ɗora komai da ita ba, karatu kawai.