Kwas ɗin Barista Skills na SCA: abin da yake gyarawa a otal da abin da yake bari

Inji ɗaya, ƙwayar gahawa ɗaya, amma kofin da ma'aikacin safe ya haɗa ya yi tsami, na ma'aikacin yamma kuma ɗaci ya hana a sha. Wannan ce matsalar da ke sa manajan otal ko na gidan abinci ya fara cigiyar inda zai tura yaransa horo, kuma sunan da zai fi saurin cin karo da shi shi ne SCA, wato Specialty Coffee Association, ƙungiyar masu harkar gahawa da ta samu a 2017 bayan ta Amurka da ta Turai sun haɗe. Karatunta ya kasu zuwa sassa daban-daban, akwai na ɗanyar gahawa, da na suyarta, da na ɗanɗano. Biyu ne suka shafi mai tsayawa gaban baƙo: Barista Skills, wato aikin mai haɗa gahawa da inji, da Brewing, wato haɗa gahawar tace. Kowanne yana da mataki uku. Wanda muke dubawa a nan shi ne matakin farko na Barista Skills, wanda yawanci ake gamawa a yini ɗaya, da aikin hannu da jarrabawar rubutu.

Ba ƙungiyar ce ke koyarwa da kanta ba. Malamai ne masu zaman kansu da ta ba lasisi, kowa da wurinsa da injinansa da kuɗin da yake yanka. Saboda haka takardar shaidar iri ɗaya ce, amma abin da ma'aikaci zai dawo da shi a hannunsa ya danganta da malamin da kuma yawan ɗaliban da ke layi a kan inji guda.

Inda kwas ɗin ya fi cin kuɗinsa shi ne esfireso, wato 'yar gahawa mai kauri da inji ke matsowa, kuma babban abin da yake yi shi ne raba ma'aikaci da awon ido. Ana ɗora masa sikeli. Malamai da yawa suna farawa da giram 18 na gari a ɗan kwandon ƙarfe na inji, a fitar da giram 36 na gahawa a kofi, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, da ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96, inji yana turawa da matsin bar 9 (bar awon matsi ne). Ba lambobin ne abin haddacewa ba, domin kowace gahawa da nata awon. Abin da ake so ya zauna a kai shi ne a riƙe nauyin gari da nauyin abin da ya sauko, a riƙa taɓa abu ɗaya kawai, wato laushin niƙa. Idan giram 36 ya cika cikin daƙiƙa 15, garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya wuce bai ɗebo komai ba, kofin zai zo da tsami kuma ba jiki. Idan ya haura daƙiƙa 40 yana ɗiga, garin ya yi laushi da yawa, sai ɗaci da bushewar baki. Malamin kirki yana sa ɗalibi ya haɗa duka biyun da gangan ya kurɓa. Wanda ya taɓa kurɓarsu jere ba zai sake cewa gahawar ce ta lalace ba alhali niƙa ne.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a koyonsu sai a gaban inji. Bayan an murɗa awon injin niƙa, sai an zubar da ɗan garin da ya rage a maƙogwaronsa, in ba haka ba kofin gaba zai fito da tsohon awo, ma'aikaci ya ɗauka gyaran bai yi ba, ya ƙara murɗawa, ya wuce gona da iri. Ana goge kwando ya bushe kafin a zuba gari. Ana baje garin ya daidaita kafin a danna, kuma dannawar ba ƙarfi take so ba, miƙewa take so. Madanni ya karkace ko kaɗan, ruwa zai bi gefen da ya fi sirantaka ya huda hanya, kofi guda ya haɗa tsami da ɗaci. Ana sakin ruwa na daƙiƙa biyu ko uku a bakin inji kafin a ɗaura mariƙin da kwandon ke ciki, kuma da an ɗaura a kunna, kada a bar gari yana gasuwa a ciki ana neman kofi. Tsohuwar ɗabi'ar buga madanni a gefen mariƙi bayan an danna tana tsaga garin, kuma ita ce ta fi wuyar fita daga hannun wanda ya daɗe a aiki.

Sashen madara ma ya yi kyau, kodayake yini ɗaya ba ya isa hannu ya faɗa. Madara mai sanyi daga firji, a buta mai sanyi, a zuba daidai wadda za a yi amfani da ita. A saki tururi ya fitar da ruwan da ya taru a bututu. Bakin bututun ya tsaya dab da saman madara a shigar da iska tun tana da sanyi, a daina kafin ta wuce ɗumin jiki, sannan a ɗan nutsa shi madarar ta riƙa juyawa tana haɗiye manyan kumfa. A tsaya tsakanin digiri 60 da 65. Ta haura 70, zaƙinta ya tafi, warin dafuwa ya shigo, kumfar kuma ta rabu da ruwan. Wadda ta yi daidai tana sheƙi kamar ɗanyen fenti. Da an gama a goge bututu da tsumman da aka ware masa shi kaɗai, a sake sakin tururi, domin idan bututun ya huce yana zuƙo madara ciki. Ragowar da ta rage a buta ba a ƙara mata sabuwa a sake ɗumamawa. Otal da yawa suna yin haka da sunan tattali, alhali maganin ɓarnar shi ne a sayi buta ƙarama da babba.

Zanen ganye ko zuciya a saman latte (esfireso mai madara da yawa), wanda shi ɗalibai suka fi ɗoki, ba shi ne babban aikin wannan mataki ba, kuma gara haka.

Tsaftar inji tana cikin manhaja, sai dai takan faɗo ƙarshen yini, lokacin da kowa ya gaji. Manaja ya nace a nuna ta a aikace. Man gahawa yana manne wa rariyar da ke bakin inji da ƙasan kwando, ya kwana ya yi ɗoyi, kuma shi ne ɗacin da gyaran niƙa ba ya kawarwa. Kullum bayan an tashi, a ɗaura kwandon da ba shi da huda, a zuba garin wankin inji, a kunna daƙiƙa 10 a kashe, sau biyar, sannan a maimaita da ruwa zalla. A ciro kwanduna a jiƙa su tare da kan mariƙi, ban da hannun roba. Robar da ke riƙe mariƙi idan ta bushe ta taurare, ruwa zai riƙa zuba ta gefe, sai canji.

Yanzu ga inda kwas ɗin ba ya kai wa. An gina shi ne a kan shagon gahawa, inda ake haɗa kofi ɗaya-ɗaya a miƙa wa mai shi nan take. Otal ba haka yake ba. Mafi yawan gahawar da baƙi ke sha a otal ta tace ce, wadda ake haɗawa lita-lita don karin kumallo da ɗakunan taro, kuma wannan karatun yana sashen Brewing ne, wanda ake biya daban. Ma'aunin da SCA ta tsayar shi ne giram 55 na gari ga kowace lita ta ruwa, da ɗan sama ko ƙasa, a niƙa tsaka-tsaki. A yawancin kicin da cokali ake aunawa, kuma idan baƙi suka ce ta yi ruwa-ruwa sai a ƙara laushin niƙa maimakon a ƙara gari, ta koma ɗaci. Abin da ya fi wannan ɓata ta shi ne faranti mai zafi da ake ɗora tulun gilashi a kai. Bayan rabin awa ruwa ya ƙafe kaɗan, ɗanɗanon ƙuna ya fito. Filas da aka ɗauraye da ruwan zafi kafin a zuba ya fi, a manna masa takarda da lokacin da aka haɗa, kuma kada a tsiyaya sabuwa kan tsohuwa. Ma'aikacin da ya dawo da takardar Barista Skills zai iya fitar da kafucino (esfireso mai kumfar madara) mai kyau da ƙarfe takwas, alhali mutum hamsin a bayansa suna shan abin da aka haɗa tun ƙarfe shida.

Ruwa ma ba a samun lokacin zurfafa shi a yini guda, kuma fiye da kashi 98 cikin 100 na gahawar tace ruwa ne. Mai warin kulorin yana kashe ƙamshi. Mai nauyin ma'adinai yana tara farin ɓawo a tukunyar inji har ya toshe ƙananan hanyoyin ruwa, zafi ya riƙa hawa da sauka. Wannan aikin mai kawo inji ne: ya gwada ruwan gidan, ya ɗaura matatar da ta dace, ya rubuta ranar canza ta a jikinta.

Sai tafiyar da ke tsakanin inji da tebur. Esfireso bai wuce kurɓi biyu ko uku ba, kofi mai sanyi yana shanye zafinsa nan da nan, kumfar samansa kuma tana bajewa cikin 'yan mintoci. Kofuna su kwana a saman inji suna ɗumi. Idan tebur ya yi odar abu huɗu, esfireso ne na ƙarshen haɗawa, kuma mai ɗaukar tire ya riga ya tsaya kafin a gama. Kai kafucino ɗaki a hawa na shida ba ya yiwuwa ya isa yadda ya fito. Abin da ya fi dacewa da odar ɗaki shi ne butar matsawa, wato French press mai matacin da ake dannawa ƙasa, gari mai tsaki, a gaya wa baƙo ya danna bayan minti huɗu. Masu kai abinci tebur ba sa zuwa wannan kwas, amma su ne ke karɓar oda, su ne ya kamata su maimaita wa baƙo abin da ya ce idan ya nemi gahawar da aka cire wa sinadarin kafeyin ko madarar waken soya. Ga mai rashin jituwa da madarar shanu, buta ɗaya da aka yi amfani da ita sau biyu ba ƙaramin kuskure ba ne, don haka a ware buta da tsumma masu launi daban.

A ganinmu kwas ɗin ya cancanci a biya, amma ba ga kowa da kowa ba. Aikin otal yana da yawan shiga da fita, kuma takardar sunan ma'aikaci take ɗauke da shi, tana tafiya da shi duk inda ya koma. Mutum biyu sun isa, ɗaya daga masu safe, ɗaya daga masu yamma, waɗanda ake sa ran za su daɗe, ɗayansu kuma ya ƙara da matakin farko na Brewing. Kafin a biya, a tambayi malamin ɗalibai nawa ne a kan inji guda, fiye da uku ko huɗu kallo za a yi. A tambaye shi ko zai zo ya yi a kan injin gidan da gahawar gidan, domin awon da aka koya a wani injin niƙa ba ya bin mutum zuwa nasa. Wurin da injinsa mai danna maɓalli ne, wanda ke niƙa ya haɗa da kansa, ba ya bukatar wannan kwas, horon tsafta daga kamfanin injin ya fi masa amfani.

Kafin su dawo, a tanadi sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, da ma'aunin zafin madara, da kati a manne kusa da inji mai ɗauke da nauyin gari, nauyin kofi da daƙiƙa. Kowace safiya, da kuma duk lokacin da aka buɗe sabuwar leda, a sake gwada niƙa a rubuta, domin ƙwayar tana canzawa yayin da take tsufa, kuma danshin iska ma yana motsa awon.