Tayil ko darduma: wanne ya fi wa mai saƙa amfani a Istanbul?

Hajiya, kin ce za ki Istanbul sayayya, yini ɗaya kacal za ki samu na yawo, kina tambaya ko masallatai masu tayil za ki nufa ko wajen dardumomi don ki samo zanen suwaita. Ni dai darduma na zaɓa miki.

Tayil ɗin Iznik, wato mai zanen da aka yi a garin Iznik na Turkiyya, ya fi ɗaukar ido, wannan ba musu. Masallacin Sultan Ahmed, wanda aka fara ginawa a 1609, yana da fiye da guda 20,000, sai dai yawancinsu suna can sama. Masallacin Rustem Pasha da shahararren magini Sinan ya gina a ƙarni na 16, kusa da kasuwar kayan ƙamshi a Eminonu, ya fi miki: ƙarami ne, tayil ɗin na daidai fuskarki. Matsalar ita ce zanen furanni ne da rassa masu lanƙwasa, buroshi ya zana su, shi kuwa buroshi yana bin duk inda aka ja shi. Saƙa ba ta haka, layi-layi take tafiya. Kafin fure ɗaya ya fito da kamanninsa ya cinye rabin gaban riga, zaren da ke bi ta baya kuma ya yi tsawo har yatsan yaro ya riƙa maƙalewa a ciki. Abin da za ki ɗauko a nan launi ne: shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, kore, da ɗan ja kamar na tumatir a kan fari. Ki lura da ƙanƙantar jan nan, don shi ke tayar da sauran.

Kilim kuwa, wato dardumar da ba ta da gashi, masaƙiya ce ta yi ta, tana ƙirga zare kamar yadda kike yi. Shi ya sa zanenta hawa-hawa ne, kusurwa da kusurwa: ƙahon rago, mace mai hannu a ƙugu, tauraro, ƙugiya. Da takarda mai gida-gida a hannu, a tsaye za ki kwafe shi. Matan ƙauyukan Anatoliya sun daɗe suna saƙa irin waɗannan zane a safar ulu, kin ga ke nan an riga an gwada su da allura. Ki shiga gidan tarihin fasahar Turkiyya da Musulunci da ke fadar Ibrahim Pasha, daura da Masallacin Sultan Ahmed. Akwai dardumomin zamanin daular Seljuk na ƙarni na 13 da aka kawo daga birnin Konya. Masu gashi ne, amma ki tsaya kan gefunansu sosai, nan ne zanen bakin hannu da ƙasan riga yake.

Hattara ɗaya: kilim kan tara launi biyar ko shida a layi guda, ke kuwa biyu za ki iya ja cikin sauƙi, dole ki rage. Kuma kowane gida na saƙarmu ya fi faɗi fiye da tsayi, sai ki gwada a ɗan ƙyalle tukuna, kada tauraron ya fito a daɓe.

Da safe gidan tarihi, sannan ki gangara ta titin Mahmutpasha ki shiga tsohuwar kasuwar Kurkcu Han, inda shagunan zare suke. Daga can Rustem Pasha tafiyar ƙafa ce, ki yi la'asar a ciki da zarenki a jaka, ki gwada launukansa da na bango.