Wata-famfo na lantarki a tsohuwar Fijo 504: abin da na gani

Masu riƙe da tsofaffin motoci irin 504 da 505 da Marsandi ƴar dauri, ga ra'ayina kan EWP115, wata-famfo na lantarki mai zagaya ruwan sanyaya inji, na kamfanin Davies Craig na Ostireliya, tunda ana ta tambayata ko ya cancanci kuɗinsa. Tawa 504 ce haɗin kamfanin Fijo na Kaduna (PAN), inji lita 2, kuma hawanta nake yi kullum a gari, ba ajiye ta nake don biki ba.

Matsalar wata-famfo na asali kowa ya san ta. Fambel ne ke juya shi, to gudunsa na bin gudun inji, in kana kan hanyar Zariya kana taka totur ruwa na zagayawa sosai, amma da ka shiga goslo a watan Afrilu inji na silo, ruwan sai ya koma tafiyar hawainiya daidai lokacin da babu iskar da ke bugun lagireto, kana ji kana gani allurar zafin inji na hawa sama. Shi wannan na lantarki babu ruwansa da gudun inji. A tiyon ƙasa na lagireto ake yanka a dasa shi, yana iya tura lita 115 a minti ɗaya, kuma in ka haɗa da kwanturolarsa ita ke duba zafin ruwa ta ƙara masa gudu ko ta rage, ta kunna fankar lantarki in zafi ya wuce inda ka saita.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayan an kashe mota. Ai mun saba, ka faka ka zare makulli sai ka ji lagireto na ƙugi yana tofar da ruwa ta ƙaramin tiyo, saboda ruwa ya tsaya cak alhali kan inji na nan da zafinsa. Yanzu famfon na ci gaba da aiki har kusan minti 3, in ka dafa tiyon sama za ka ji ruwa na wucewa a hannunka. Wallahi wannan kaɗai ya sa raina ya kwanta game da ƙonewar gaskit ɗin kan inji.

Amma fa a yi hattara, wuta yake ci. Shi kansa yana iya jan amfiya 10, ga fanka, ga fitilu da dare, su kuwa altanetan motocin nan ƙanana ne, ba a ƙera su don wannan lodin ba. Sannan wayoyin shekara arba'in ne a jikinsu. Mai rewayar da ya fara haɗa min murɗa waya kawai ya yi ya naɗe da salatif, rannan ta kwance a hanya famfo ya tsaya shiru, kuma ba kamar fambel ba ne da zai tsinke ka ga jar fitilar caji. Sai da na sa aka sake aikin da sabuwar waya mai kauri da rile da fiyus nasa na kansa.

Shi ya sa ni ban yarda a cire na asali gaba ɗaya ba ga motar da ke yawo a titi. Masu tsere a Amurka suna cirewa don su ƙwaci ɗan ƙarfin da fambel ke ci, kai da za ka kasuwa ba za ka ma ji bambancin ba. Ka bar naka a wurinsa, wannan ya zama mataimaki, in na lantarkin ya tsaya a ƙauye ka iso gida lafiya, don babu bakaniken da zai samo maka irinsa a bakin hanya.

Kuma in lagiretonka ya toshe da tsatsar ruwan rijiya, kar ma ka ɓata kuɗinka tukuna, ka fara kai shi a buɗe a wanke, ka zuba kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji, sannan ka yi odar famfon tare da kwanturolar.