Kututturen bedi a tsakar gida: ƙonawa ko tonowa?

Ɗan'uwa, ka ce kun sare bedin gidanku na unguwar Bukoki a Yamai watan jiya, kututturen na nan gab da katanga, kana tambaya ko a sa masa wuta ko a kira masu diga. A irin wannan hali ni tonowa zan ce maka.

Wuta busasshe take ci. Bedin da aka sare kwanan nan jiƙe yake, kuma da ransa. Ai don taurin ransa aka cika ɗamarar itatuwan da aka shuka a gefen birnin Yamai da shi tun daga 1965. In ka jibga masa gawayi yanzu, samansa kawai zai yi baƙi, saiwar na nan lafiya lau a ƙasa, damina na faɗuwa ya sake tohowa. Wanda ya nace sai ya ƙona, to ya bari kututturen ya sha bazara guda aƙalla, yana karye tohon duk sanda ya fito. Sannan ya tone ƙasar gindin don iska ta samu hanya, ya huda ramuka masu zurfi a jikinsa, ya zuba kananzir ya bari ya tsotse, ya kifa masa tano da aka cire wa kai da gindi. Esansi kam kar a kusanto da shi, tururinsa ke kamawa ya tashi wa mutum a fuska. Kuma ci ne na sannu, yakan ɗauki kwanaki, dole wani ya zauna gadi da ruwa da yashi a kusa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wutar da ido ba ya gani. Takan bi busasshiyar saiwa ta ƙarƙashin ƙasa bayan kowa ya ɗauka ta mutu. Can kuwa akwai tiyon ruwa na roba, akwai tushen katanga, ga zanar maƙwabci da rumfarsa a ɗaya gefen. In lokacin hunturu ne, iska ɗaya ta isa ta kwashi tartsatsi. Ga hayaƙi dare da rana a gidan da ke da yara da tsofaffi. Kafin ka kira 18 ƴan kwana-kwana su shigo lungu, ɓarna ta riga ta auku.

Tonowa tana cin gumi da kuɗin lebura, amma kana ganin abin da kake yi. A jiƙa ƙasa tun da dare, a yi rami kewaye da gindin, a bi manyan saiwoyi ɗaya bayan ɗaya da gatari, sannan a sa dogon ƙarfe a banƙare shi. In an ci karo da tiyo, za a gan shi a kauce. Ƙasar Yamai yawanci rairayi ce, diga na shiga. Da a tudun Adar ne mai duwatsu, can wajen Tawa, da lissafin ya ɗan canza. Kututturen ma ba asara ba ne, in ya bushe an samu itacen girki.

Inda ƙonawa ta fi dacewa shi ne gona ko garka, tsohon kututture ƙato da ya daɗe da bushewa, babu gini babu ciyawa kusa. Naku kuwa, bayan an cire shi a cika ramin kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, don kar ruwan Agusta ya kwanta a wurin ya ci gindin katangar.